Baƙi Ɗaya, Karatu Daban: Efijenetik, Naɗin DNA da Sankarar Mama a Katsina

Sankarar mama, wadda a unguwannin Katsina aka fi kira "daji", ita ce sankarar da ta fi kama mata a Najeriya. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ya nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da ita a ƙasar a shekarar 2022, sama da 16,000 kuma suka rasu. A duniya baki ɗaya masu kamuwa sun kai miliyan 2.3, waɗanda suka rasu kuma wajen 670,000. Wato a duniya mace-macen ba su kai kashi ɗaya cikin uku na sabbin kamuwa ba, a Najeriya kuwa sun kai rabi.

Ciwon yakan faro ne daga ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗu a cikin hanyoyin da ruwan nono ke bi, ko daga 'yan jakunkunan da ke samar da shi. An daɗe ana bayani ɗaya a kansa: wata ƙwayar gado ta lalace, ƙwayar halitta ta daina jin umarnin tsayawa, ta yi ta rabuwa har ta zama ƙulli. Bayanin gaskiya ne, sai dai bai ƙare zance ba. Mata biyu kan zo asibiti da ƙulli mai girma ɗaya, a yi musu magani ɗaya, ɗaya ta samu lafiya ta shekaru, ɗayar kuma ciwon ya kai ƙashi da huhu kafin shekara ta zagayo. Akan kuma samu ƙullin da idan aka bi ƙwayar gadon da ake zargi harafi bayan harafi ba a ganin aibu ko ɗaya, amma ta daina aiki ɗungum. Wani ɓangare na amsar yana cikin fannin da ake kira efijenetik, da kuma nazarin yadda DNA ke naɗe a cikin ƙwayar halitta.

Zare mai tsawon mita biyu

A tsakiyar kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai wani ɗan ƙunshi da ake kira nukiliyas, faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. A cikinsa DNA take, rabe cikin kuromosom 46. Da za a warware ta a miƙe, tsawonta zai kai mita biyu. Rubutunta da haruffa huɗu ne kacal, A da C da G da T, wajen biliyan uku daga uwa, wasu biliyan ukun daga uba. Ƙwayoyin gadon da ke ba da umarnin ƙera furotin kimanin 20,000 ne, kuma ba su cika ko kashi biyu cikin ɗari na rubutun ba.

Ƙwayar hanta da ta ido da ta mama duk rubutu ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya bambanta su shi ne wane shafi ake karantawa, wane kuma aka rufe. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ana fara babbaƙu kafin farfaru, ya kuma san baƙaƙe ɗaya kan ba da ma'ana biyu idan wasali ya sauya. Haruffan DNA su ne baƙaƙen. Alamomin efijenetik su ne wasulan. Ba sa taɓa baƙi, amma su ke yanke yadda za a karanta shi.

Masanin halitta ɗan Birtaniya Conrad Waddington ne ya fara amfani da sunan fannin a 1942, tun kafin a san siffar DNA. Alamomin kansu daga baya aka gano su. Mafi shahara ita ce metil, wani ɗan guntun sinadari da ake liƙa wa harafin C a inda G ke binsa. Idan metil ya taru a ƙofar ƙwayar gado, wato wurin da ake fara karanta ta, galibi sai ƙofar ta rufe. Wani furotin mai suna DNMT1 kuma yana kwafe wannan tsari zuwa sabuwar DNA duk lokacin da ƙwayar ta rabu biyu, shi ya sa rufewar ke bin 'ya'ya da jikokin ƙwayar. Alama ta biyu tana kan furotin da ake kira histon. A 1974 Roger Kornberg ya bayyana cewa DNA tana naɗe ne a jikin dunƙulen histon. Yanzu an san kowane dunƙule histon takwas ne, haruffa 147 suna kewaye shi. Idan aka liƙa wa histon sinadarin asetil naɗin kan saki, a samu damar karatu. Wasu alamomin kuma ƙara ɗaure shi suke yi.

Jikin kowace mace shaida ne a kan ƙarfin wannan tsari. Mace tana da kuromosom X guda biyu, amma tun tana 'yar tayi kowace ƙwaya takan dunƙule ɗaya ta rufe shi har ƙarshen rayuwa, kamar yadda Mary Lyon ta bayyana a 1961.

Yadda alamomin ke rikicewa

A 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein a Amurka suka nuna cewa DNA ta sankara ta yi asarar metil idan aka gwada ta da ta lafiyayyar tsoka. Bincike na baya ya nuna rikicin ta fuska biyu yake zuwa. A faɗin DNA metil yana raguwa, sassan da ya kamata su zauna a rufe su buɗe, kuromosom su riƙa karyewa suna haɗuwa ba bisa ƙa'ida ba. A ƙofofin wasu ƙwayoyin gado masu kare jiki kuwa metil ƙaruwa yake yi, ya toshe su.

BRCA1 ce misali mafi bayyana. Mary-Claire King ta gano mazauninta a kuromosom na 17 a 1990, aka ware ta a 1994, 'yar uwarta BRCA2 kuma a 1995. Aikinsu ɗinke DNA idan igiyoyinta biyu suka tsinke. Macen da ta gaji lalatacciyar BRCA1 tana cikin babban haɗarin kamuwa da sankarar mama da ta ƙwan mace. Amma a ƙarshen shekarun 1990 aka fara ganin ƙullin da BRCA1 ɗinsa lafiya lau take a rubuce, ba gado, ba kuskuren harafi, metil ne kawai ya rufe ƙofarta. Sakamakon a cikin ƙullin kusan ɗaya ne: gyaran DNA ya tsaya, kurakurai su yi ta taruwa. Bambancin yana ga iyali. Lalacewar da aka gada tana iya kasancewa a jikin 'yan'uwa da 'ya'ya. Rufewar da ta auku a cikin ƙulli kaɗai ba ta bin jini. An fi samun irin wannan rufewa a nau'in sankarar da gwaje-gwajenta uku duk ke fitowa babu, wanda za a zo kansa.

Haka CDH1, mai ƙera furotin ɗin da ke manne ƙwayoyin halitta da juna, wani lokaci kuskuren harafi ke kashe ta, wani lokaci metil. Idan ta yi shiru ƙwayoyin sankara sukan samu sauƙin ɓallewa su shiga jijiya. A ɓangaren histon, an nuna a 2003 cewa furotin EZH2, mai sanya alamar rufewa, yana yawaita a sankarar mama mai saurin bazuwa. Babban shirin karanta DNA ta sankara na Amurka, TCGA, da ya fitar da sakamakonsa kan sankarar mama a 2012, ya samu kurakuran harafi a ƙwayoyin gadon da aikinsu shi ne sanya alamomi da tsara naɗi, irin su KMT2C da CTCF. Ke nan babu katanga tsakanin lalacewar baƙi da rikicewar wasali. Kowanne yana iya jawo ɗaya.

Naɗi da madauki

DNA ba a cukurkuɗe take cikin nukiliyas ba. Kowane kuromosom da yankinsa. Sassan da ake karantawa sukan taru wuri ɗaya, rufaffun kuma galibi su manne a gefen bango. Wata dabara mai suna Hi-C, da aka fitar a 2009, ta ba da damar gano wane sashe ke taɓa wane, a 2012 kuma aka nuna cewa kuromosom a yanke yake gida-gida, kowane gida mai haruffa dubu ɗaruruwa zuwa miliyan ɗaya, furotin CTCF na tsaron iyaka. Abin da ke cikin gida ɗaya ya fi cuɗanya da junansa fiye da na maƙwabta.

Muhimmancin wannan yana ga makunnai. Ƙwayar gado ba ta kunna kanta. Akwai gajerun sassan DNA da ke kunna ta, kuma sau da yawa suna can nesa da ita da haruffa dubbai. Sai zaren ya lanƙwasa ya yi madauki kafin makunni ya taɓa ƙofa. Idan iyaka ta rushe, ko kuromosom ya karye ya haɗu da wani, makunni mai ƙarfi kan faɗa kan ƙwayar gadon da ba tasa ba.

A sankarar mama, labarin madauki labarin istrojin ne, sinadarin da ƙwan mace ke fitarwa. Tun 1896 likita George Beatson a Glasgow ya lura cewa cire ƙwan mace yana sa ƙullin wasu mata ya ja baya, ba tare da ya san dalili ba. Dalilin shi ne furotin mai karɓar istrojin, wanda likitoci ke taƙaitawa ER. Idan istrojin ya kama shi, sai ya sauka kan DNA ya kunna ƙwayoyin gadon rabuwa. A 2005 Jason Carroll da Myles Brown a Boston suka nuna cewa mafi yawan wuraren da ER ke sauka ba ƙofofi ba ne, makunnai ne na nesa, kuma ba ya iya sauka sai wani furotin, FOXA1, ya riga shi ya sassauta naɗin. A 2009 masu bincike a Singafo suka zana taswirar madaukan da ER ke ɗaurawa. FOXA1 da ER da wani furotin mai suna GATA3 su ne ke riƙe da ɗabi'ar ƙwayar hanyar nono. Su ne kuma sankara ke karkatar da su zuwa buƙatarta.

Wannan ya warware wata matsala da ta daɗe tana damun masana. Tun 2007 manyan bincike kan dubban mata suke gano bambance-bambancen harafi da ke ɗan ƙara haɗarin sankarar mama, amma mafi yawansu ba a cikin sashen ƙera furotin suke ba. Wasu suna wani fili na kuromosom na 8 da babu ƙwayar gado kusa. Da taswirar naɗi ta samu, sai aka ga da yawansu a kan makunnai suke, madauki ke kai su ga ƙwayoyin gadon rabuwa irin su MYC da CCND1.

Ba sai da na'ura mai tsada ake ganin alamar wannan rikici ba. Likitan gwajin tsoka da ke duba gilashi a maikuroskof, a Katsina ko Kano ko Zariya, shi yake kallo kullum. An yanka tsokar siririya, an rina ta da rini biyu, nukiliyas ya fito shuɗi-shuɗi, sauran jiki ja-ja. Na lafiyayyar ƙwaya ƙarami ne, zagayayye, launinsa a daidaice. Na sankara mai zafi ƙato ne, gefensa a karkace, rinin ya taru gudaji-gudaji, babu biyu da suka yi kama. Siffar nukiliyas ɗaya ce daga cikin abubuwa uku da ake aunawa a ma'aunin Nottingham na 1991 kafin a rubuta daraja ta ɗaya, ta biyu ko ta uku a takardar sakamako. Likitoci sun daɗe suna yanke hukunci da naɗin DNA tun kafin a san dokokinsa.

Abin da aka samu a matan Najeriya

Gwaje-gwaje uku ke raba sankarar mama gida-gida a asibiti: ER, da PR mai karɓar furojestaron, da HER2. Mai ER tana jin tamoksifen, ƙwaya mai sauƙin kuɗi da ake sha kullum tsawon shekara biyar ko fiye. Mai yawan HER2 tana jin trastuzumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998, mai tsada ƙwarai. Wadda duka ukun suka fito babu, kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, shi ne babban makaminta. A Turai da Amurka kusan kashi 70 cikin ɗari masu ER ne.

Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan take kuma aiki a Jami'ar Chicago, tana cikin waɗanda suka assasa binciken sankarar mama na Najeriya a Ibadan a 1998. A 2009 ita da abokan aikinta suka duba samfurin mata 507 daga Najeriya da Senegal: matsakaicin shekarunsu wajen 45, kashi 24 cikin ɗari kaɗai ke da ER, sama da rabi kuma ukun duka babu. A 2018 suka gwada jinin mata 1,136 masu ciwon, suka samu kashi 14.7 cikin ɗari na ɗauke da lalatacciyar ƙwayar gado da suka gada, kashi 7 BRCA1, kashi 4 BRCA2. Adadi ne mai yawa. A 2021 kuma, da suka karanta ɗaukacin DNA ta ƙullin mata 97, sun ga kuromosom sun fi karyewa da rikicewa fiye da na matan Turawa, kurakuran GATA3 kuma sun fi yawa. GATA3 dai ɗaya ce daga cikin ukun nan masu buɗe makunnai. Samfuran binciken DNA ɗin daga asibitocin Ibadan da Legas suka fito, don haka ɗora sakamakonsu kai tsaye kan matan Katsina da Daura da Funtuwa sai da taka-tsantsan.

Akwai kuma wani abin lura da ya fi shafar Katsina fiye da duk wata taswira. ER furotin ne mai saurin lalacewa. Ƙa'idar ƙwararru ita ce tsokar da aka ciro ta shiga ruwan fomalin cikin awa ɗaya, ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Idan ƙulli ne babba sai an tsattsaga shi, domin fomalin a hankali yake ratsa tsoka, tsakiya na iya ruɓewa alhali baya ya kamu. Samfurin da aka ciro a wani ƙaramin asibiti, aka zuba a robar da ruwan bai rufe shi ba, aka miƙa wa ɗan'uwan majiyyaciya ya hau mota da shi cikin zafin watan Afrilu, ya kwana biyu kafin ya isa ɗakin gwaji, zai iya fitowa "babu ER" alhali akwai. Wani binciken da aka yi a Ibadan a 2008, inda aka kula da adana samfuri, ya samu ER a wajen kashi 65 cikin ɗari. Saboda haka "babu ER" iri biyu ce: wadda ƙwayar sankara ta rufe ƙwayar gadon ESR1, mai ƙera ER, da gaske, wani lokaci da metil, da wadda zafi da jinkiri suka haifar. Ta biyun tana hana mace maganin da ya fi kowane araha.

A 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe cibiyar kula da masu sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda har yanzu mutane da yawa ke kira da tsohon sunansa, FMC. Kafin nan mai buƙatar gashi, wato ƙona ƙulli da haske mai ƙarfi, sai ta nufi Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. Ci gaba ne babba, amma injin gashi ba ya gyara sakamakon gwajin da ya lalace tun a hanya, kuma ba ya mayar da watannin da aka ɓata. Imanin nan cewa daji ba ya son ƙarfe, cewa allura ko wuƙa na tayar da shi, yana sa mata da yawa su ƙi a ɗebi samfuri, a yi ta shafe-shafe da tsagar wanzami har ƙulli ya fashe. Allurar ɗiban samfuri ba ta yaɗa ciwon. Abin da ke sa a ga kamar ta yi shi ne an zo ne bayan ya riga ya bazu. Binciken ABC-DO da aka buga a 2020 ya samu kashi 36 cikin ɗari kaɗai na matan da ya bibiya a kudu maso gabashin Najeriya ke raye bayan shekara uku, alhali a fararen matan Namibiya kashi 90 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa buri cewa a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari a mataki na ɗaya ko na biyu, a kuma kammala bincike cikin kwana 60.

Abinci, haihuwa da shayarwa

Alamomin efijenetik suna jin abin da ke faruwa da jiki. Mutanen da aka yi cikinsu a lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945 an same su da bambancin metil a ƙwayar gadon IGF2 bayan shekara sittin. A ƙauyukan Gambiya kuma an ga metil na jarirai ya bambanta gwargwadon ko da damina aka yi cikinsu ko da rani, saboda abincin uwa na sauyawa. Wannan bai nuna cewa wani abinci ko ganye na goge alamar sankara ba, duk da masu tallar magani sun fara jingina da fannin.

Abin da ya tabbata da adadi shi ne tasirin haihuwa da shayarwa. Wani gagarumin nazari na 2002 ya nuna kowace haihuwa na rage haɗarin da wajen kashi 7 cikin ɗari, kowane wata goma sha biyu na shayarwa kuma da kashi 4.3. Gwaji a ɓeraye ya nuna ciki na barin alamar metil mai ɗorewa a ƙwayoyin mama. Al'adar shayarwa har kusan shekara biyu kafin yaye kariya ce ta gaske, sai dai ragi ce, ba rigakafi ba. Ƙullin da ya fito wa mai ciki ko mai goyo sau da yawa akan ɗauke shi kumburin nono, a bar shi. Idan bai baje ba cikin 'yan makonni, dubawa yake buƙata.

Magani da gwaji

Tunda alama ana iya goge ta, an yi fatan magungunan efijenetik za su sake buɗe ƙofofin da aka rufe. A ɗakin gwaji an yi nasarar dawo da ER a ƙwayoyin sankarar da suka rasa shi. A jikin mutane nasarar ta fi yawa a sankarar jini: azasitidin a 2004, desitabin da borinostat a 2006. A sankarar mama sakamakon gauraye ne. A Sin, tusidinostat haɗe da maganin rage istrojin ya ɗan tsawaita lokacin da ciwo ke tsaye, aka amince da shi a 2019. A Amurka babban gwajin entinostat, ɗan gidansu, bai nuna ƙarin rai ba. Matsalar ita ce waɗannan magunguna ba sa zaɓe, duk inda alama take suna taɓawa.

Inda fannin ya fi amfani a yanzu shi ne bayanin dalilin da magani ke daina ci. Masu bincike a cibiyar Garvan ta Sydney sun nuna ƙwayoyin da suka bijire wa tamoksifen sun rufe makunnan ER da metil, sun ɗaura sabbin madaukai. Ƙullin da metil ya rufe wa BRCA1 yakan ji kemo da farko, sannan ƙwayoyin da suka goge alamar su tsira su cika wurin. Maganin olaparib kuwa, da aka amince da shi don sankarar mama a 2018, ga waɗanda suka gaji lalacewar aka tanade shi.

Akwai kuma gwajin jini da ke neman guntayen DNA na sankara ta hanyar karanta tsarin metil ɗinsu, har ya faɗi daga wace gaɓa suka fito. A sakamakon da aka buga a 2021, gwajin Galleri ya kama wajen kashi 30 cikin ɗari ne kawai na sankarar mama, a mataki na ɗaya kuma ƙasa da haka sosai, domin ƙaramin ƙulli ba ya zubar da DNA mai yawa cikin jini. Don haka a Katsina, kamar a Landan, gano ciwon da wuri har yanzu yana kan duba mama da hannu, hoton sikanin, mamogiram ga waɗanda suka haura shekara arba'in, da ɗiban samfurin duk ƙullin da aka yi shakkarsa.